Maigidana ya ajiye maganin asibiti ya koma shan mai

Salamu alaikum Hajiya, ina yi miki fatan alheri. Ni mazauniyar Aboabo ce a nan Kumasi, koko da ƙosai nake sayarwa da safe. Maigidana shekararsa 54, yana da shagon kayan gyaran mota a Suame Magazine. Wata biyar da suka wuce ciwon kai ya matsa masa ya je asibiti. Jininsa 158/96, sukarinsa kafin ya karya 6.4, a takardar gwajin kuma an rubuta TG 2.4, HDL 0.9. Likita ya ce abubuwa ne suka haɗu masa, in bai kula ba ciwon zuciya ko shanyewar ɓarin jiki na iya biyo baya. Aka ba shi ƙwayar hawan jini da ta rage kitse. Wata biyu ya sha ya ajiye. Yanzu kullum da asuba sai ya sha cokalin man zaitun, ya zuba cokalin man kwakwa a shayi, da dare man habbatus sauda da zuma, ga wasu kafson mai da ƙanwarsa take sayar masa, an rubuta omega 3-6-9 a jiki, sidi 450 duk wata. Ya ce yanzu ya fi jin daɗin jikinsa. Da na yi magana sai ya ce ina jayayya da maganin Annabi, ƙanwar tasa kuma ta daina gaishe ni, wai ina toshe mata kasuwa. Hajiya, shin man nan yana maganin zuciya da gaske? In yana yi, in ja bakina in yi shiru. In kuma ba ya yi, ta ina zan ɓullo masa?

Uwargida a Aboabo

Wa alaikumus salam ƙanwata. Kada ki ja bakinki, amma ki sauya abin da kike magana a kansa. Shan man bai dame ni kamar ajiye ƙwayar ba. A lissafinki wata uku ke nan mutumin da aka auna jininsa 158/96 yana kai-komo tsakanin Aboabo da Suame ba magani, ba awo. Wannan shi ya tsaya mini a rai tun da na karanta wasiƙarki, kuma shi nake so a gyara cikin makon nan, tun kafin a zauna shari'ar wane mai ne ya fi wane.

Abin da likita ya ce ya haɗu masa yana da suna a wajensu, metabolik sindirom. Ni taron dangi nake ce masa, don haka cutar take: abubuwa biyar ne, kowanne in shi kaɗai ne sai a raina shi, amma duk wanda uku suka taru a kansa ya shiga layin masu haɗari. Jini daga 130/85 zuwa sama, sukarin safe daga 5.6, kitsen nan TG daga 1.7, HDL, kwalastaral ɗin da ake kira mai kyau, ya gaza 1.0 ga namiji ko 1.3 ga mace, sai faɗin ƙugu. Maigidanki yana da huɗu a rubuce. Na biyar kuwa ki ari tef ɗin tela ki zagaya cikinsa wajen saitin cibiya, yana tsaye, bai tsuke numfashi ba. Santimita 94 ne iyakar namiji, 80 ta mace. Ban gan shi ba, amma na san yadda zaman shago yake.

Mu a zango tumbi alamar hutu ce, in mutum ya ajiye shi sai a ce kasuwa ta karɓe shi. Alhali kitsen da ke cikin ciki, wanda ya kewaye hanji da hanta, ba a kwance yake ba. Shi ke sa jiki ya daina jin maganar insulin, sinadarin da ke buɗe wa sukari ƙofa ya bar jini ya shiga tsoka. Sai sukari ya tsaya a jini, jiki ya ƙara fitar da insulin, hanta ta yi ta turo kitse, ƙoda ta riƙe gishiri, jini ya hau. Wani likita a jami'ar Stanford ta Amurka, Gerald Reaven, shi ya fito da wannan alaƙa fili a 1988. Kuma ba ciwon Turawa ba ne. Binciken RODAM da aka buga a 2016 ya auna mutanen Kumasi da Obuwasi, ya gwada su da na ƙauyukan Ashanti da 'yan Gana mazauna Turai. A birni mace ɗaya cikin uku tana da ƙibar da ta wuce kima, a ƙauye ko ɗaya cikin goma ba a kai ba, ciwon sukari kuma wajen mutum ɗaya cikin goma a birni.

Yanzu ɗauko kwalbar kafson nan ki juya bayanta. Galibi kowace ƙwaya miligiram 1,000 ce, giram 1 ke nan. Babban cokali ɗaya na mai giram 14 ne. Robar ruwa ta rabin lita, irin wadda ake ɗura mana mai a kasuwa, tana ɗaukar wajen giram 460. Wato duk robar da kika juye a tukunya daidai take da kafso 460. Shi yana haɗiyar biyu ko uku a rana yana jiran su gyara masa jini, ke kuma kina tsiyaya mai daga jarka ba awo, mai waken da yake saya da rana a Magazine tana malala masa shito. Wane ne zai rinjayi wani? Wannan shi ne abin da masu tallar kafso ba sa faɗa: man da ke taɓa lafiyar zuciya shi ne na cikin tukunya, kuma mai mai kyau yana amfani ne idan ya maye gurbin wanda bai kai shi ba. In an ɗora shi a kan na da, ƙari aka yi. Kowane mai, na zaitun ne ko na ja, cokalinsa kalori 120 ne. Cokali uku a rana, a wata ya haura lita ɗaya da kwata, duk a cikin mutumin da tumbi ne tushen ciwonsa. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Man zaitun dai yana da hujja, kuma ba ƙarama ba. A Sifen an yi wani babban gwaji mai suna PREDIMED da mutum 7,447 masu haɗarin ciwon zuciya, aka bi su kusan shekara biyar. Waɗanda aka ɗora a kan abincin gargajiyar yankin, ana ba gidajensu wajen lita guda ta man zaitun duk mako, sun samu ragin kusan kashi 30 cikin ɗari na bugun zuciya da shanyewar jiki da mutuwa ta dalilinsu. An buga shi a 2013, aka gano kura-kurai a yadda aka raba wasu mutanen, aka janye aka sake lissafi aka buga a 2018, sakamakon bai yi nisa da na farko ba. Amma ki lura da yadda suka yi da man. Girki suka yi da shi, suka zuba a ganye da wake da kifi, suka rage jan nama da lemon kwalba da kayan zaƙi. Ba wanda aka ce ya kafa kai ya sha cokali da asuba sannan ya bi da burodi da shayi mai madarar gwangwani. Kuma man da suka ci wanda aka matse ne ba a tace ba, mai ɗan ɗaci da kaifi a maƙogwaro. Wasu ƙananan kwalaben da ake kawo mana tsaraba na shafawa ne.

Man kwakwa a shayi kuwa, wannan a daina yau. Fiye da kashi 80 cikin ɗari nasa kitse ne mai daskarewa, ya ma fi man shanu, kuma irin wannan kitsen ne ke ɗaga LDL, kwalastaral ɗin da ke liƙewa a bangon jijiya har ya toshe ta. Ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka ta fito fili a 2017 ta ba da shawarar a guje shi. Masu sayarwa za su ce ai yana ɗaga HDL. Gaskiya ne yana ɗan ɗagawa, sai dai tare suke hawa da mugun, kuma mugun ne ke kai mutum gado. Ga wata 'yar alama da kakanninmu suka sani ba tare da sun shiga ɗakin gwaji ba: man da ke yin barci a kwalba da sanyin hunturu, a yi masa hattara. Na kwakwa, alayyadi, man shanu, kitsen rago. A shafa na kwakwar a kai da jiki, nan ba shi da laifi.

Kafson omega 3-6-9 suna ne mai daɗin faɗi. Na 9 jiki da kansa yana yin sa, man gyaɗa kuma cike yake da shi. Na 6 yana nan jingim a gyaɗa da riɗi da agushi da waken soya, ba wanda ke cin abincin zango da zai rasa shi. Saura na 3. Wanda ake samu daga tsiro, kamar man filaksid da aka fi cika kafson da shi, ba irin na kifi ba ne, sai jiki ya juya shi, kuma ɗan kaɗan yake iya juyawa. An gwada shi a Holan, a gwajin Alpha Omega da aka buga a 2010: mutum 4,837 da suka taɓa samun bugun zuciya, aka riƙa ba wasu majarin, man shafa wa burodi, mai ɗauke da wannan omega na tsiro har wata 40, ba a ga ragin a-zo-a-gani a ciwon zuciya ba. In omega 3 yake so, amane na nan a kasuwar Aboabo, ga kifin da muke ce wa samon, ga 'yan mitsi-mitsin nan da ake wa laƙabi da 'yan makarantar Keta. Sau biyu a mako, a gasa ko a sa a miya, kada a nutsar da shi a mai.

Wani asibiti a Cleveland ta Amurka ya yi abin da ya burge ni a 2022. Suka ɗauki mutum kusan 200, suka ba wasu ƙaramar ƙwayar rage kitse, rosuvastatin miligiram 5, wasu kuma kayan da ake talla: man kifi, tafarnuwa, kirfa, kurkum da sauransu. Bayan kwana 28 ƙwayar ta sauke LDL da kusan kashi 38 cikin ɗari, sauran kuwa ba wanda ya fi ƙwayar bogi, wadda ba magani a cikinta, da aka ba wasu don a gwada. Irin wannan ƙwayar ce maigidanki ya jefa a durowa.

Habbatus sauda ita ce inda gidanki ya ɗau zafi, don haka bari in tsaya a kanta. Hadisin da yake nufi, wanda ya ce habbatus sauda waraka ce daga kowace cuta in ban da mutuwa, ingantacce ne, yana cikin Bukhari da Muslim, ba mai jayayya da shi, kuma kada ki kuskura ki bari maganarki ta yi kama da jayayya. Masu bincike ma ba su raina ta ba. An yi gwaje-gwaje da dama, yawancinsu ƙanana, mutum 'yan gomomi na 'yan makonni ko watanni, kuma in aka tattara su ana ganin tana ɗan sauke sukari da kitse, jini kuma da wajen maki 3. Maki 3 alheri ne. Amma shi daga 158 ake so ya sauko ƙasa da 140, likitoci da yawa ma 130 suke nema ga mai irin taron danginsa. Ƙwayar hawan jini guda tana sauke wajen maki 10, shi ya sa sau da yawa sai an haɗa biyu, kuma duk maki 10 da aka sauke yana rage haɗarin shanyewar jiki da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu. Ki dubi tazarar da kanki.

Annabin da ya yabi habbatus sauda, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, shi ne ya ce bayin Allah su nemi magani, shi ne ya yi ƙaho, ya yi umarni da zuma, bai ce a tsaya a kan abu guda a watsar da saura ba. Malaman da suka yi sharhin hadisin tun da daɗewa sun tattauna ma'anarsa; Ibn Hajar ya kawo maganar Khaɗɗabi cewa lafazi ne gamamme da ake nufin keɓantacce da shi. Zaitun kuma, aya ta 20 a Suratul Mu'minun mahaɗin abinci ta kira shi ga masu ci, hadisin Tirmizi ma cewa ya yi a ci man a shafa. A ci. Sannan akwai hadisin da ban cika jin masu tallar kwalba suna kawowa ba, na raba ciki uku, kashi ɗaya abinci, ɗaya ruwa, ɗaya numfashi. Ga mai tumbi, wannan shi ne maganin Annabi da ya fi kusa da ciwonsa, kuma ba a biyan sidi ko ɗaya.

Amma ba daga bakinki ya kamata ya ji wannan ba. Namiji in matarsa ta ja masa aya yana cikin fushi, ba ayar yake ji ba, raini yake ji. Ki nemi wanda yake jin nauyinsa, limamin masallacinku ko amininsa ko wansa, ki yi masa bayani a asirce. Ke kuma ki cire kalmar "daina" daga bakinki, ki sa "haɗa". Ki ce, Maigida, ka ci gaba da habbatus saudarka, ni zan ma riƙa miƙo maka, amma ka haɗa da ta asibiti. Ƙaramin cokali ya isa, zumar ma a rage, don zuma a jini sukari ce. Ya kuma gaya wa likita yana sha, tun da tana iya ƙara wa magungunan ƙarfi. Sai ki bar na'ura ta yi muku alƙalanci. Ku shiga kowane kemis mai awo, ya zauna minti biyar ya huta, a auna sau biyu. In jinin ya sauka, kin yi asarar gardama kin ci ribar miji. In bai sauka ba, ba ke kika faɗa ba. In kuma ya kai 180/120, daga nan sai asibiti, ba sai gobe ba.

Cewar da ya yi ya fi jin daɗin jikinsa, na yarda da shi, kuma nan nake so ki kasa kunne. Hawan jini ba ya ciwo, mutum na iya shekaru da shi yana cin kasuwarsa. Sau da yawa ƙwayar ce ke damun mutum, in ya ajiye sai ya ji sakayau ya ɗauka warkewa ce. Amlodipine na kumbura ƙafa, lisinopril na sa busasshen tari mai hana barci, mai sa fitsari na tashin mutum da dare, ta kitse wani lokaci na sa ciwon tsoka. Akwai kuma wanda maza ba sa faɗa ko da wuƙa a wuya. A shekarun da na yi ina aikin jinya, in dattijo ya ajiye magani ya ƙi faɗin dalili, na koyi in sallami 'yan rakiya in tambaye shi a hankali game da sha'anin shimfiɗa. Wasu magungunan na taɓa wannan, a majalisa kuma an riga an tsorata su cewa duka haka suke. Ruwa ba ya tsami banza. Ke kaɗai za ki iya yi masa wannan tambayar, da dare, ba da sigar tuhuma ba. In haka ne, magungunan hawan jini iri-iri ne, likita zai sauya masa. Ya kuma sani cewa jinin da sukarin da aka bari ba magani su ne suka fi kashe wannan ƙarfin, don ƙananan jijiyoyi suke fara ci kafin su kai ga na zuciya.

Ba a littafi kawai na karanta wannan ba. Yayana, Allah ya jiƙansa, fataucin goro yake yi. Ya ajiye ƙwayarsa saboda wata kwalba da ya saya a mota a hanyar Tamale, wajen mai wa'azin magani irin waɗanda ke tashi tsaye da jaka da zarar an bar tasha. Wata bakwai yana ce mini, ke da asibitinku, dube ni garau. Wata asuba yana alwala buta ta suɓuce daga hannunsa na dama. Ya sunkuya zai ɗauka, hannun ya ƙi. Ya buɗe baki zai kira matarsa, maganar ta fito kamar ta mai cin tuwo da zafi. Shekara uku muna juya shi a kan katifa, mutumin da ke ɗaga huhun goro shi kaɗai. Babban binciken shanyewar jiki da aka yi a Gana da Najeriya, SIREN, wanda asibitin Komfo Anokye da ke Kumasi na cikin wuraren da aka yi shi, ya fito a 2018 da abin da muka riga muka gani da ido: hawan jini ne kan gaba, nesa ba kusa ba. Ya kuma nuna masu cin ganye kullum sun fi tsira.

To, ga inda ƙarfinki yake. Shi yana da kwalba, ke kina da ludayi. Daga yau mai da cokali za ki auna shi, kada ki tsiyaya daga jarka. Miyar gyaɗa ko ta kwakwar manja in ta tafasa man ya taso, ki kwashe na saman. Ban ce ki kori man ja daga gidanki ba. Wajen rabinsa ne mai daskarewa, kuma jan nan nasa jiki na juya shi ya zama bitamin A. A rage shi dai ya zama ɗanɗano, ya daina zama kogin da kontomire ke iyo a ciki. Farin man jarka da yawa man ja ne da aka tace, ki duba za ki ga an rubuta palm olein. Rubutun da suke yi cewa babu kwalastaral a ciki kuwa wayo ne: babu man tsiron da ke da shi, hanta ce ke ƙera shi in an ba ta kitse mai daskarewa. Man gyaɗa na gaske, wanda mai daskarewarsa bai kai kashi 20 cikin ɗari ba, shi ne zaitun ɗinmu, sai na waken soya. Man zaitun ɗin da yake sha da asuba ki karɓa ki riƙa zuba masa a kan dafaffen wake ko kwaɗon zogale, a madadin wani man. Gyaɗa cikin tafin hannu ta fi biskit, a dai tsince mai fumfuna da mai ɗaci a zubar.

Sana'arki ma ta shigo ciki, ki yi haƙuri. Wake abinci ne na gari ga mai irin ciwonsa, kaskon ne matsala. Ranar da kika markaɗa, ki ɗebi kaɗan ki yi masa tubani ko alale. Man suya in ya yi baƙi, yana kumfa, yana hayaƙi tun wuta ba ta yi ƙarfi ba, ya gama aiki. Kada ki juye ragowarsa a miyar gida don tsimi, wannan ɗabi'ar ta masu suya ce duka kuma na san dalilinta, amma ki bari. Kokonsa ba sukari, citta da barkonon sun isa. TG ɗin nan 2.4, ko da sunansa kitse, sukari da farin gari ne suka fi hura shi: burodi, shayi mai kauri, lemon kwalba, malt, burkina, zoɓon da aka cika wa sukari, da atayan da ake zagayawa da shi a bakin shago. Tuwo a rage malmala a ƙara ayoyo da kuka. Gishiri kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya kai giram 5 a rana, ƙaramin cokali guda ke nan, har da wanda ke ɓoye a dunƙulen magi da kifin gishiri irin su koobi da momoni. Daddawa na rufe wannan giɓin fiye da yadda ake zato.

Sukarinsa 6.4 yana bakin ƙofa ne, bai shiga ba, daga 7.0 ake kiran sa ciwon sukari. A Amurka an gwada mutum 3,234 masu irin wannan matsayi, sakamakon ya fito a 2002. Waɗanda aka sa su rage kashi 7 cikin ɗari na nauyinsu da tafiyar minti 150 a mako sun rage haɗarin kamuwa da kashi 58 cikin ɗari. Ga mai kilo 90, kilo 6 ake magana. Rabin awa bayan sallar asuba, kwana biyar a mako, da sauri har ya ɗan yi haki. Ya bar pragya, keken haya mai ƙafa uku, ta wuce in tafiyar ba ta da nisa.

Ƙanwar mijinki ba maƙiyiyarki ba ce. Mai yiwuwa kuɗinta ta zuba ta sayi kaya, an cika mata kunne a taro, kuma da zuciya ɗaya take ganin tana taimakon wanta. Ki riga ta gaisuwa, kada ki ce kayanta na bogi ne. Ki roƙe ta abu guda: ta ce masa da bakinta ya koma kan ƙwayarsa. Ita ma kariya ce gare ta, don dokar lafiyar jama'a ta Gana ta 2012 ta hana tallar wani abu a matsayin maganin hawan jini ko sukari ko ciwon zuciya, kuma in wani abu ya same shi dangi ba kamfanin za su kalla ba. Ku duba ko akwai lambar rajistar FDA, hukumar kula da abinci da magunguna, a kwalbar. In akwai ma, shaidar an yarda a sayar ce, ba shaidar tana warkarwa ba. Sidi 450 sau 12, 5,400 ke nan a shekara. Kaɗan daga ciki zai sayi na'urar awon jini ta dantse a ajiye a gida, a sabunta katin inshora ta *929#, wanda hawan jini da sukari na cikin abin da yake ɗauka, canjin a sayi kifi. In kuma ransa ya fi kwanciya da maganin itatuwa, asibitin Kumasi South na da sashen da waɗanda suka karanci fannin a jami'ar KNUST suke zama, su ma sai sun ɗaura masa awo kafin su ba shi komai.

Ki haddace waɗannan, ki koya wa yaran gida da yaron shagonsa: baki ya karkace, hannu ko ƙafa ta mutu, magana ta sarƙe, ko nauyi a ƙirji kamar an ɗora dutse, da gumi, yana bin hannu ko muƙamuƙi. Ba a shafa mai, ba a ɗura ruwa, ba a jiran la'asar. A kira 112 ko a tari mota zuwa sashen gaggawa na Komfo Anokye nan take, awannin farko su ne ake ceton ƙwaƙwalwa da zuciya a cikinsu.

Ranar da za ki raka shi awon, in an cire masa abin daga dantse ki miƙa naki hannun. Kina tashi ƙarfe uku na dare, kina wuni a bakin kasko, kina ɗanɗana ƙosai kina kurɓar koko, kuma ba ki gaya mini yaushe rabon da a auna ki ba. Zai ma fi sauƙin zama in ya ga ba shi kaɗai aka kawo ba. Ki rubuto mini lambobin, nasa da naki, har da na tef ɗin telan.